Jiya Ba Ta Wuce Ba: Nazarin Keta Zamani da Tagwayen Duniyoyi a Shirin Binciken Laifi na Dark

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda shirin talabijin mai dogon zango na ƙasar Jamus mai suna Dark, wanda aka nuna daga 2017 zuwa 2020, ya yi amfani da keta zamani da tagwayen duniyoyi wajen ƙulla labarin binciken laifi. An ɗora nazarin a kan ra'in Tzvetan Todorov game da labarai biyu da ke cikin ƙagaggen labarin bincike na gargajiya, aka kuma kwatanta shirin da takwaransa na Koriya ta Kudu mai suna Signal. Takardar ta gano cewa keta zamani yana rushe katangar da ke tsakanin laifi da bincikensa, har mai binciken ya wayi gari shi ne sanadin ɓarnar da yake bin sawu. Ta kuma gano cewa tushen ruɗanin gaba ɗaya shi ne baƙin cikin wani uba da ya kasa haƙurin rashin iyalinsa.

1.0 Gabatarwa

A ranar 21 ga Yuni, 2019, wani magidanci mai suna Michael Kahnwald ya kashe kansa a ɗakin zanensa da ke garin Winden. Ya bar wasiƙa cikin ambulan, a bayanta ya rubuta kada a buɗe sai ranar 4 ga Nuwamba da ƙarfe 10:13 na dare. A wannan daren na Nuwamba ne wani yaro ɗan shekara 11, Mikkel Nielsen, ya ɓace a daji kusa da bakin wani kogon dutse. Tambayar da za ta fara zuwa wa mai kallo ita ce: ta yaya mamaci ya san ranar da sa'ar da yaron zai ɓace, alhali ya riga shi da wata huɗu da 'yan kwanaki? Amsar ita ce Michael ɗin shi ne Mikkel. Yaron ya bi ta kogon ya ɓulla a shekarar 1986, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ines ta riƙe shi, ya girma, ya yi aure, ya haifi Jonas, tauraron shirin.

Da wannan ƙulli Dark ya buɗe. Baran bo Odar da Jantje Friese ne suka ƙirƙiri shirin, shi ne kuma shiri mai dogon zango na farko da kamfanin Netflix ya ɗauki nauyi cikin harshen Jamusanci. Zango uku ne masu fitowa 26. An saki na farko ranar 1 ga Disamba, 2017, na biyu ranar 21 ga Yuni, 2019, na ƙarshe kuma ranar 27 ga Yuni, 2020, wato daidai ranar da labarin ya ce garin Winden zai hallaka. Winden na shirin ƙagaggen gari ne mai tashar nukiliya, kuma labarin yana kewaya gidaje huɗu: Kahnwald da Nielsen da Doppler da Tiedemann.

Manufar takardar ita ce gano abin da ke faruwa da labarin bincike idan aka ba taurarinsa damar komawa baya. Nazari irin wannan ba ya yiwuwa sai an tona asirin labarin, don haka ana neman afuwar waɗanda ba su kalla ba. Ya kamata kuma a ambata cewa shiri ne na manya, akwai wuraren da ba su dace a kalla tare da yara ba.

2.0 Ra'in da Aka Ɗora Nazarin a Kai

A wata maƙala da ya fitar a 1966, manazarcin adabi Tzvetan Todorov ya nuna cewa labarin bincike na gargajiya labarai biyu ne a haɗe. Na farko labarin laifin ne, wanda ya riga ya ƙare kafin a buɗe littafi. Na biyu labarin binciken ne, wanda mai karatu yake bi shafi bayan shafi. Mai bincike yana zaune a labari na biyu, yana tattara burbushin na farko: sawun ƙafa, tabon jini, bakin shaida. Ba ya iya taɓa abin da ya faru, iyakarsa ya fahimce shi. Wannan tazara ce take tsare masa mutuncinsa, domin duk wanda za a zarga, shi ba ya ciki.

Kafin Todorov, marubucin Ingila Ronald Knox ya tsara dokoki goma na rubuta labarin bincike a 1929. Biyu daga ciki sun shafi wannan takarda. Ɗaya ta buƙaci mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari. Ɗayar ta hana amfani da abin da ya saɓa wa al'adar halitta wajen warware matsala. Hikimar a fili take: idan marubuci yana da ikon jawo abin mamaki duk lokacin da ya ga dama, mai karatu ba shi da dalilin wahalar da ƙwaƙwalwarsa. A zahiri keta zamani ya karya doka ta biyu. Sai dai idan marubucin ya gindaya wa keta zamanin nasa ƙa'idoji, ya kuma tsaya a kansu, to mai kallo yana da abin da zai yi lissafi da shi.

3.0 Hanyoyi Biyu na Komawa Baya

Na'urar keta zamani ta shahara a adabi tun littafin H. G. Wells na 1895. Kimiyya ta ba ta wurin raɓewa bayan ra'in Albert Einstein na 1915, wanda ya ɗauki lokaci da sarari tamkar tufa guda mai lanƙwasuwa. A 1935 Einstein da Nathan Rosen suka bayyana, a lissafi, wata gada da ke iya haɗa wurare biyu masu nisa, a 1949 kuma Kurt Gödel ya nuna cewa lissafin Einstein yana karɓar hanyar da za ta zagayo ta dawo inda ta taso a cikin lokaci. Duk wannan a kan takarda ne, babu wanda ya taɓa komawa jiya. Amma ya wadatar da marubuta.

Matsalar da ke gaban duk mai irin wannan rubutu sananniya ce. Idan mutum ya koma baya ya kashe kakansa tun kafin a haifi ubansa, wa ya yi kisan? Mafita biyu ake bi. Ta farko ita ce a ce lokaci zare ɗaya ne, ba ya canzuwa, duk abin da matafiyi ya yi a baya dama can yana cikin tarihi. Ana danganta wannan da masanin kimiyyar Rasha Igor Novikov. Ta biyu ita ce a ce lokaci yana yin rassa, kowane canji yana haifar da sabuwar duniya, kuma marubuta kan jingina wannan da fassarar da Hugh Everett ya yi wa kimiyyar ƙwayar zarra a 1957. Dark ya riƙe hanyar farko har zango biyu, sannan ya buɗe ta biyu a zango na uku.

Babbar ƙa'idar shirin ita ce shekara 33. Kogon yana haɗa 1953 da 1986 da 2019, daga baya labarin ya miƙa zuwa 1921 da 2053 har da 1888. Shirin ya danganta wannan adadi da daidaituwar zagayen wata da na rana. Duk wanda ya saba da kalandar Hijira ba baƙo ba ne ga lissafin. Shekarar Hijira tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumin da aka yi cikin zafin bazara yake ratsa hunturu da damina, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo bazarar. Dattijon da ya ga wannan zagaye sau biyu ya san yadda lokaci kan dawo da mutum inda ya taɓa tsayawa.

4.0 Mai Bincike a Matsayin Sanadin Laifi

A nan ne Dark ya yi aikinsa mafi muhimmanci, kuma Ulrich Nielsen ne misali mafi bayyana. Ɗan sanda ne, shi ne mahaifin Mikkel, kuma ƙaninsa Mads ya ɓace a 1986 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Washegarin ɓatan Mikkel aka tsinci gawar wani yaro a daji, idanunsa a ƙone, sanye da tufafin yayin shekarun 1980. Sannu a hankali Ulrich ya gane cewa gawar ƙaninsa ce, ba ta tsufa ba ko da kwana ɗaya. Bincikensa ya kai shi ga wani tsoho mai ruɗewar tunani, Helge Doppler, mai tabo a gefen fuska da lalataccen kunne. Ya bi shi cikin kogo da dare, sai ya ɓulla a 1953.

A can ya tarar da Helge yana ƙaramin yaro, kunnuwansa biyu lafiya lau. Ulrich ya yi lissafin da kowane uba mai zafin rai zai iya yi: in yaron nan ya mutu yau, Mads da Mikkel za su tsira. Ya ɗauki dutse ya rotsa masa kai, ya ja shi cikin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya rufe. Helge bai mutu ba. Ya tashi da tabon nan da mai kallo ya riga ya gani a fuskar tsohon, ya girma cikin tsoro da rauni, ya faɗa hannun wani mutum mai suna Noah, wanda ya mai da shi ɗan aiken satar yara. Hannun da ya je hana laifin shi ya dasa shi. Ulrich kuwa aka kama shi a 1953 bisa zargin kisan yara, ya tsufa a gidan masu taɓin hankali. Garin neman gira ya rasa ido.

Wannan zubi ya maimaitu har ya zama doka. Claudia Tiedemann, shugabar tashar nukiliya, ta ga labarin mutuwar mahaifinta Egon a wata jarida tun kafin ranar ta zo. Ta je gidansa domin ta tsare shi, gardama ta kaure tsakaninsu a kan wayar tarho, ya faɗi ya bugu a kai ya cika. Jonas ya koma ranar 20 ga Yuni, 2019 domin ya hana mahaifinsa kashe kansa, sai ya tarar mutumin ba shi da wannan niyya ko kaɗan. Daga bakin ɗansa ya fara jin zancen, a hannunsa kuma ya fara ganin wasiƙar da zai rubuta.

Idan aka auna wannan da ra'in Todorov, za a ga labaran nan biyu sun narke sun zama ɗaya. Binciken ya shiga cikin laifin, laifin kuma ba zai faru ba in ba don binciken ba. Tsohon wasan Girka na Sophocles ya taɓa kawo sarki Oedipus da ya sa a nemo mai kisa, ya gano shi ne da kansa. Amma Oedipus ya aikata nasa laifin ne tun kafin ya fara bincike. Mutanen Winden suna aikata nasu ne a tsakiyar binciken, da kyakkyawar niyya, saboda son 'ya'yansu da iyayensu. Shi ya sa tambayar wa ya aikata take raguwa a hankali, wata ta maye gurbinta: wa zai iya dainawa?

5.0 Ƙullin da Ba Shi da Bakin Zare

Mai bincike na gargajiya yana bin sanadi ne har ya kai tushe. Dark ya cika labarinsa da abubuwan da ba su da tushe. H. G. Tannhaus, mai gyaran agogo, ya wallafa littafi a kan tafiya cikin lokaci, amma an kawo masa kwafin littafin ne tun kafin ya rubuta shi. Na'urar da ya ƙera, zanenta aka ba shi a 1953, bai kuma iya kammala ta ba sai da ya ga tsohuwar wadda aka kawo masa gyara daga gaba. Ba wanda ya fara tunanin littafin, ba wanda ya fara ƙirƙirar na'urar.

Abin ya fi tsanani da ya shiga nasaba. Martha, yarinyar da Jonas yake so, yayar Mikkel ce, wato gwaggonsa ce. Ulrich kakansa ne. Charlotte Doppler, shugabar 'yan sandan garin, ita ta haifi Elisabeth, Elisabeth kuma ita ta haifi Charlotte. A al'ummar da ake tambayar asalin mutum kafin a ba shi aure, ba sai an yi dogon bayani a kan nauyin wannan ba. Salsalar gidajen Winden ba ta da kaka na farko, zobe ce. Shi kansa Jonas, matashi mai rigar ruwa rawaya, shi ne zai tsufa ya zama Adam, mai ƙonanniyar fuska, wanda ya harbe Martha a gabansa. Maƙiyin da yake yaƙa shi ne gobensa.

Duk da wannan sarƙaƙiya, shirin bai ci amanar mai kallo ba. Ana ba kowane tauraro 'yan wasa biyu ko uku masu kama da juna, ana kuma barin alama a jiki: kunnen Helge, tabon igiya a wuyan Jonas, idanun Claudia masu launi biyu. Mai lura yana iya gane mutum kafin a faɗa masa. Aikin bincike ya tashi daga hannun 'yan sandan Winden ya koma hannun mai kallo.

6.0 Kwatanci da Shirin Signal

Shirin Signal, wanda tashar tvN ta Koriya ta Kudu ta nuna a 2016 cikin fitowa 16, Kim Eun-hee ce ta rubuta shi, kuma bai bi hanyar farko ba. A nan ba mutum ke tafiya ba, murya ce. Wata tsohuwar oba-oba tana kunna kanta da ƙarfe 11:23 na dare, ta haɗa wani jami'i da ke 2015 da wani ɗan sanda da ke shekarun baya, tun daga 1989. Abin da aka faɗa wa na baya yana sauya yau nan take, har rubutun da ke kan allon ofis yakan canza a gaban idon jami'in.

Shirin ya samo wasu labaransa daga laifukan gaske, musamman kashe-kashen mata da aka yi a Hwaseong tsakanin 1986 da 1991, waɗanda ba a gano mai yin su ba sai a 2019 ta hanyar gwajin ƙwayar halitta, bayan wa'adin gurfanarwa ya wuce. Saboda haka komawa baya a Signal kukan neman adalci ne ga waɗanda hukuma ta yi sakaci da su. Amma ko a nan gyara ba ya zuwa kyauta. Wani bayani da aka aika baya ya sa aka kama wanda bai ji ba bai gani ba, abin ya yi ta haifar da wani har ya ci ran abokiyar aikinsu a yau, sai da aka sake komawa aka gyara gyaran. Signal yana cewa jiya tana gyaruwa amma da tsada. Dark na zango biyun farko yana cewa ba ta gyaruwa sam. Sun haɗu a kan cewa duk wanda ya sa hannu a abin da ya wuce, alhakinsa ya hau kansa.

7.0 Tagwayen Duniyoyi da Asalin Ƙulli

A ƙarshen zango na biyu, gawar Martha tana kwance, sai ga wata Martha ta shigo, ta shaida wa Jonas cewa daga wata duniya take. Zango na uku ya nuna wannan duniyar. A cikinta Mikkel bai ɓace ba, don haka ba a haifi Jonas ba, Martha ce ke sanye da rigar ruwan. Gidaje da ɗakuna sun juya kamar a madubi. Amma hallaka tana nan tafe. Wannan ya rushe zaton Jonas cewa shi ne cutar, in babu shi kowa zai huta. Tsohuwar Martha, wadda ake kira Eva, tana yaƙin ganin ƙullin ya ɗore domin ɗanta ya rayu. Adam yana yaƙin ganin komai ya shafe. Kowane yunƙuri nasu ƙara ɗaure ƙullin yake yi.

Claudia ce ta warware matsalar, ita ma saboda 'yarta Regina da ciwon daji ya kama a duniyoyin biyu. Ta gano akwai duniya ta uku, ta asali. A can, a 1971, Tannhaus ya yi saɓani da ɗansa Marek, ɗan ya ɗauki matarsa Sonja da jaririyarsu suka fita cikin dare da ruwan sama, suka yi haɗari a kan gada suka mutu. Uban ya shafe shekaru yana ƙera na'urar da za ta dawo da su. Da ya kunna ta a 1986, duniyarsa ta tsage biyu. Duk ɓatan yara da kashe-kashen Winden daga wannan rauni suka ɓuɓɓugo. Dokar Knox ta farko ta cika: wanda ya jawo komai yana gaban mai kallo tun zangon farko, yana gyaran agogo a shagonsa.

Jonas da Martha suka shiga duniyar asali, suka tsaya a kan hanya cikin dare, suka ce wa Marek an rufe gadar. Ya juya ya koma gidan ubansa. Ba a ƙera na'ura ba, duniyoyin biyu suka shuɗe tare da duk wanda asalinsa daga ƙullin ne, har da su biyun. Wannan ne karo na farko da wani a shirin ya koma baya ba domin ya riƙe nasa ba.

Zango na uku yana da rauninsa. Taurari sun yi yawa har wasu sun koma kamar 'ya'yan dara, jawaban falsafa sun maimaitu, kuma kafar da aka bi aka fita, wato ɗan tsayawar da lokaci ke yi a daidai faruwar hallaka, an kawo ta a makare. Ƙa'idar da aka tsare da ƙarfi zango biyu ta ɗan sassauta. Duk da haka jigon bai karkace ba.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa keta zamani a Dark ya haɗe labarin laifi da na bincike, ya mai da mai bincike sanadi, ya kuma ɗora nauyin warwara a kan mai kallo. Ta nuna cewa tagwayen duniyoyin siffa ce ta zuciyar da ta ƙi karɓar rashi. Bai kamata a ɗauki tilascin da ke cikin shirin a matsayin ƙaddara yadda Musulmi ya fahimce ta ba, domin zoben Winden inji ne kawai, babu hikima ko rahama a bayansa. Inda ya kusanci abin da muka sani shi ne gargaɗin da malamai ke yi a kan yawan cewa da na yi kaza da kaza bai faru ba. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Dark ya ba mutanensa ikon juyawa su fuskanci ƙeyar, ya nuna irin ɓarnar da hakan ta jawo.

Akwai darasi ga marubutanmu na shirye-shirye masu dogon zango. Masu Dark sun bayyana cewa zango uku suka tsara tun farko, shi ya sa wasiƙar fitowa ta ɗaya da gadar fitowa ta 26 suke riƙe da juna. Duk mai son ya riƙe zuciyar mai kallo da asiri, ya san ƙarshen labarinsa kafin ya ɗora alƙalami, ya gindaya ƙa'ida ya tsaya a kanta, ya kuma tabbata cewa a ƙarƙashin kowace dabara akwai ciwon ɗan Adam na gaske. Ana kira ga manazarta adabinmu su buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofar nazari cikin harshen Hausa, domin matasanmu sun riga sun fara kallonsu.